Masinjan da Ya Karanta Bayan Fayil

Har gobe ba na jin zan manta da wata Talata a daminar 1998, ranar da Bala direba ya tare ni a bakin aji tun ban kafe babur ba, ya ce, "Malam Lawali, Turancinka ya ci Baba Garba."

Na ɗauka tsokana ce, don Bala ba ya buɗe baki sai da ba'a. Amma na ga ya cire hula ya riƙe a hannu, kuma babu alamar dariya a fuskarsa. Na ce, "Ci kamar yaya?" Ya ce, "An dakatar da shi daga aiki. Tun jiya." Wallahi sai da na nemi dakalin ajin na zauna.

Ku da kuka shigo aikin koyar da manya kwanan nan, bari in fayyace muku yadda abin yake a lokacin. Jiharmu ba ta cika shekara biyu ba. An buɗe ofisoshi a Gusau, kujeru sun samu, masu hawansu ba su isa ba. Ƙananan ma'aikata, wato masinjoji da direbobi da masu gadi, suna mataki na ɗaya ko na biyu, can ƙasan tsani. Amma in mutum ya ci wata 'yar jarrabawa, ya kuma zauna gaban manya ya amsa tambayoyi da Turanci, ana iya ɗaga shi ya zama mataimakin akawu. Ni kuwa malamin ilimin manya ne, ina mataki na bakwai. Daga Bungudu nake tasowa a kan babur ranakun Litinin da Talata da Alhamis, in koyar da su daga bayan la'asar zuwa dab da magariba, a wani ajin firamare da aka ara mana. Mutum ashirin da 'yan kai ne, akasarinsu sun girme ni.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a cikin aji bakinsu ya buɗe, amma da sun taka ƙofa sai su bar Turancin a kan benci su tafi gida. Ni kuma a lokacin jinina na tafasa, ba na jin lallashi. Sai na kafa musu doka biyu. Ta farko, duk takardar da mutum ya tsinta a waje mai Turanci a jiki, ko ta gwangwanin madara ce, ko ta maganin ciwon kai, ko yagaggen shafin jarida, ya kawo mu karanta tare. Na ajiye wani kwalin sabulu don su, kuma kowace takarda nakan rubuta sunan wanda ya kawo ta da kwanan wata a gefe da jan biro. Ta biyu, kowane mako mutum ya yi Turanci da wani a wurin aikinsa, ko da gaisuwa ce, ran Litinin ya zo ya ba mu labari.

Doka ta farko ta karɓu, har gasa suke yi. Ta biyu ce aka yi ta jan ƙafa, kuma wanda ya fi kowa jan ƙafa shi ne wanda ya fi kowa himma, Baba Garba.

Mutumin Wonaka ne, ya haura hamsin, siriri, ba ya ɗaga murya. Ya yi karatun allo mai zurfi, shi ya sa hannunsa ya saba da alƙalami. Shekara goma sha ɗaya yana masinja a wajen mutum ɗaya, tun ofishin nasu yana ƙarƙashin Sakkwato, har maigidan nasa ya zama Darakta a wata ma'aikata da ba zan kira sunanta ba. A ofis fayil iri biyu ne. Akwai na yau da kullum, wanda kowane akawu yake taɓawa. Akwai kuma na sirri, mai jan bango, ɗaure da zare, wanda ake kullewa a wani ɗaki daban. Baba Garba ne kaɗai yake ɗauko jan fayil daga ɗakin nan ya kai wa Darakta, ya kuma mayar. Na san wannan sarai. Abin da ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba shi ne, me ya sa shi aka zaɓa.

Kowace Litinin in na zo kansa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, a yi mani haƙuri. In na yi Turanci a ofis, cewa za a yi tsufa ya zo mani da iyayi."

Mako huɗu ina haƙuri. A na biyar na kasa. Na ce masa a gaban kowa, "Haba Baba! Bala da bai kai rabinka ba ya yi ciniki da mai kayan gyaran mota da Turanci, har an yi masa ragi. Kai wa kake ɓoye wa? Ka fara da Daraktan da kansa mana. Wallahi daɗi zai ji, ya ga masinjansa ya ci gaba." Aji ya yi dariya, shi ma ya yi murmushi, ya ce, "To, Malam." Na koma Bungudu ranar ina jin na yi abin kirki.

Ga abin da Bala ya ba ni labari a kan dakalin nan. Ran Litinin da safe Baba Garba ya shiga da jan fayil, ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya gaida Darakta da Turanci. Bai tsaya nan ba. Da ya ajiye fayil ɗin, sai ya ɗora yatsa a kan rubutun bangon, ya karanta shi a fili, kalma bayan kalma: sauye-sauyen wuraren aiki. Ya ɗago yana jiran a ce masa madalla. Darakta ya cire tabarau ya kalle shi tsawon lokaci, sannan ya ce, "Garba, tun yaushe kake karatu?"

Abin da ni da shi ba mu sani ba, kusan mako uku ke nan sirrin fayil ɗin ya fita. Jerin sunayen waɗanda za a sauya wa wurin aiki ne, ba a ma sa masa hannu ba, amma ma'aikata daga Tsafe da Bungudu sun yi ta zarya a ofis suna roƙo, kowa ya san inda za a jefa shi. Wasu har manya suka turo. Daga sama an kira Darakta an wanke shi tas, an ce ya nemo wanda ya fitar. Mutum uku ne suka taɓa takardar: shi kansa, da mai buga tafireta wadda ta rantse har da kuka, sai Baba Garba. Shi Baban tun farko an cire shi daga zargi, tunda kowa ya san bai iya boko ba. Sai ga shi da bakinsa ya zo ya karanta.

Kafin azahar an ba shi takardar neman bahasi, wato ya bayyana a rubuce dalilin da ba za a hukunta shi ba. Kafin a tashi an dakatar da shi. An kafa kwamitin mutum uku da zai zauna ranar Larabar mako mai zuwa. In suka same shi da laifi, kora ce, kuma korar cin amana, wadda mutum ke fita da ita babu fansho babu suna. Saura shekara kaɗan ya yi ritaya.

Ranar Talatar nan ban iya koyar da komai ba. Washegari na je wurin shugabata, Hajiya Rabi, wadda ke kula da azuzuwan manya na yankin. Mace ce mai sanyin magana amma ba ta zagaye-zagaye. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Lawali, kai ka tura shi?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya."

Ta ce, "To kai za ka fito da shi. Za su kira ka shaida. Ka kwashi ayyukansa na watan farko, waɗanda ya fi yin kuskure, ka kai musu. Ka ce haddar aku ce, kai ka biya masa kalmomin nan ya haddace. Shi kuma in an ba shi takarda ya ce duhu yake gani. Shi ke nan magana ta mutu."

Na ce, "Hajiya, shi ne ɗalibina mafi ƙoƙari."

Ta ce, "Na ji. Ƙoƙarin zai ci da iyalinsa?"

Na fito shawarar nan ba ta kwanta mini ba, amma ban ga wata hanya ba.

Ran Asabar na hau babur na tafi Wonaka. An yi ruwa, hanya ta yi laka, sau biyu ina sauka ina turawa. Aka ce mini yana gona. Na same shi yana maimai a cikin gero, gumi ya jiƙa masa riga. Da ya hango ni ya ajiye hauya, ya shimfiɗa mini buhu a gindin wata bishiya, ya yi ta gaishe ni da hanya kamar ni aka yi wa laifi. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Na ba shi haƙuri, sannan na kwashe shawarar Hajiya na faɗa masa, ina magana ina kallon ƙasa. Ya tsinko wani ganye yana murzawa a hannu. Can ya ce, "Wato in anka miƙo mani takarda, in ce ban gane komi ba?"

Na ce, "Na rana ɗaya ne, Baba."

Ya ce, "Malam, ni ban buɗe fayil ba. Gaskiyata ke nan, ita kaɗai gare ni. In na shiga na yi masu ƙarya kan karatu, da wane baki zan ce su yarda da ni kan sauran?"

Raina ya ɓaci, don tsoro yakan zo mini da faɗa. Na ce, "Baba, ana maganar abincin 'ya'yanka kana maganar baki! In sun kore ka, geron nan ne zai riƙe mutum goma sha biyu?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wata takwas kana ce muna kada mu ji kunyar abin da munka iya. Yau kuma kai ne ka biyo laka har Wonaka ka ce in ɓoye shi." Ya ɗauki hauyarsa ya ce in gaida gida.

Na koma Bungudu ban san yadda na iso ba. Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Maiɗakina ta yi ta tambaya ko zazzaɓi ne. In na rufe ido sai in ga dattijon nan yana fita daga ƙofar ma'aikata da 'yar jakarsa, mutane suna nuna shi. Duk da haka na yanke shawara zan yi abin da Hajiya ta ce. In shi ya ƙi taimakon kansa, ni zan tsaya in ce bai iya ba, ko da zai daina gaishe ni har abada.

Ran Talata, saura kwana ɗaya kwamiti ya zauna, na riga kowa zuwa aji. Na zazzage kwalin sabulun nan a ƙasa, don a cikinsa nake cusa tsofaffin ayyukansu. Ku duba abin kunya: malami a durƙushe yana tonon kurakuran ɗalibinsa don ya kai shaida cewa bai koya masa komai ba. Na ware shafi shida waɗanda jan biro ya fi yawa a kansu. Ina cikin mayar da sauran tarkacen sai hannuna ya kai kan wata rabin takarda, shara-shara, duk mai ya ratsa ta. Na tuna da ita. Bala ne ya kawo, na ga bugun ya dushe, na ce sai wani lokaci, na jefa ta kwali. A gefe ga sunansa da jan birona, ga kwanan wata, kusan mako huɗu da suka wuce.

Ban san abin da ya sa na ɗaga ta wajen hasken taga ba. Kwafin kabon ne, irin wanda ke fita a ƙasan takarda in ana buga tafireta. Sunaye ne a jere, gaban kowane suna an sa daga wuri kaza zuwa wuri kaza. Na uku daga sama maƙwabcina ne a Bungudu, an mayar da shi Tsafe. Shi kuwa mutumin nan ya daɗe yana yi mini kukan za a ɗauke shi, ban taɓa tambayarsa inda ya ji ba.

Da Bala ya iso na ja shi bayan aji na ce, "Ina ka samo wannan?"

Ya duba ya ce, "Wannan ai ƙosai na saya. Wajen Inna ta bakin get."

Na ce, "Ita wa ya ba ta?"

Ya ce, "Mai shara mana. Kullum da safe yakan juye mata kwandon takardu. Ai tun tsohon ofis haka ake yi, kowa ya sani." Sai ya tsaya, bakinsa a buɗe. Ya ce, "Innalillahi! Malam, don Allah kada ka kira sunana. Ina da 'ya'ya ƙanana."

Kada ku ɗauka hankalina ya kwanta. Ƙara tashi ya yi. Takardar sirri ce, kuma a ajin da Baba Garba yake karatu aka same ta. Wanda yake son kama shi sai ya ce shi ya kawo, ni kuma na rubuta sunan Bala don in rufa masa asiri. In kuma aka yarda da ni, na ciro dattijo ɗaya daga rami na tura mai shara. Ina ta juya abin har na isa gida, na kuma taso da shi da safe.

Ran Laraba na iso Gusau da wuri. Na tsaya wajen Inna mai ƙosai, na tarar da layi, kusan duk ma'aikata ne da suka zo hedikwata daga ƙananan hukumomi, kowa na jiran a buɗe ofis. Na ga yadda take yi: ta miƙa hannu cikin wani kwando ta yago takarda, ta zuba ƙosai, ta barbaɗa yaji, ta naɗe. Wani da ke gabana yana ci yana karanta tasa. Na sayi ƙulli ɗaya, ban buɗe ba, na sa a aljihun babbar riga. A ɗaya aljihun kuma ga shafi shida na kurakuran Baba Garba. Har na shiga ɗakin ban san wanne zan ciro ba.

Shugaban kwamitin wani dattijo ne daga wata ma'aikatar daban, mai furfura, ana ce masa Alhaji kawai. Darakta yana zaune a gefe a matsayin mai ƙara. Aka shigo da Baba Garba cikin farar riga wankakkiya, ya durƙusa, Alhaji ya ce ya hau kujera. Aka karanta tuhuma. Sannan Alhaji ya zaro wata wasiƙa ya miƙa masa ya ce, "Malam Garba, karanta mana."

Na kafe shi da ido ina roƙon Allah a zuci ya sa ya ce ba ya gani. Bai ko dubi inda nake ba. Ya ɗora yatsa ya fara. Ya yi tuntuɓe, ya koma baya, ya tsallake wata doguwar kalma ya ce wannan ba su kai ta ba tukuna. Layi huɗu ya karanta. Ni kuwa rabin zuciyata na cewa shi ke nan ya kashe kansa, ɗaya rabin kuma, Allah ya yafe mini, daɗi take ji.

Alhaji ya ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Ranka shi daɗe, wata uku ke nan nika gane wasu kalmomi."

"A cikin wata ukun nan, ka taɓa kwance zaren jan fayil?"

Sai Baba Garba ya gyara zama ya amsa da Turanci, a hankali, irin na ajinmu. Ya ce shi masinja ne, aikinsa ya kai ya dawo, bai taɓa buɗewa ba. Sannan ya maimaita da Hausa don kada a ce haddacewa ya yi.

Darakta ya ce, "To, kun ji da kunnenku. Ya iya."

Aka kira ni. Alhaji ya ce, "Kai ne malaminsa. Abin da muka ji iyawa ce ko hadda?"

Hannuna na cikin aljihun kurakurai, har na kama su. Na dubi ƙeyar dattijon nan, na ji ba zan iya ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, iyawa ce. Kuma ni na matsa masa ya yi Turanci a ofis, shi ba ya so." Na ciro hannu, na shiga ɗaya aljihun, na ajiye ƙullin ƙosai a kan tebur, da sauran ɗuminsa.

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya ce, "Kai, wane irin wulaƙanci ne wannan?"

Na ce, "A yi mini afuwa. Yanzu na saya a bakin get, ban buɗe ba, ban san abin da ke ciki ba. Ina roƙon Alhaji ya buɗe da hannunsa ya duba takardar." Na san in ta zamo tsohuwar jarida ce, na gama yawo.

Alhaji ya warware, ya ture ƙosan gefe, ya shimfiɗa takardar, ya gyara tabarau. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Ikon Allah. Wannan ai takardar kiran zaman nan ce da muke yi. Ga sunana." Kwafin da ya lalace ne wajen bugawa, an jefa kwando, da kalmar sirri a samansa ɓaro-ɓaro. Sai a lokacin na miƙa rabin takardar da ke kwalina, na ce wani ɗalibi ne ya kawo daga wuri ɗaya, ga kwanan wata. Ba a tambaye ni sunansa ba, don na danne inda na rubuta shi da yatsa, Alhaji kuma ya gani ya kawar da kai.

Aka kira mai shara, ya shigo. Alhaji ya ce wa ya ba shi izinin kai wa mai ƙosai takardu. Mai sharar ya dubi Darakta ya ce, "Ranka shi daɗe, ai kai ka ce in riƙa ba ta, tun muna tsohon ofis. Ka ce ita ba karatu ta iya ba." Ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya ɗauki ƙosai ɗaya ya ci, ya ce, "Ita ba ta iya ba. Masu saye fa?"

Kwamiti ya wanke Baba Garba, bai kuma taɓa mai shara ba. Aka fitar da umarni a riƙa ƙona takardun kwando. Inna mai ƙosai ta koma neman takardar siminti, ta yi wata da watanni in ta gan ni sai ta juya mini baya. Ni kuwa na koma Bungudu na ci tuwo kwano biyu, ina ganin an gama.

Bayan mako biyu aka sa hannu a jerin sauye-sauyen, an ƙara suna ɗaya a ƙasa. An mayar da Baba Garba wani ƙaramin ofis a Tsafe. Na tafi wajen Darakta a fusace, na jira awa biyu kafin ya gan ni. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Malam, ban ce ya ci amana ba, kwamiti ma ya faɗa. Amma jan fayil ba na ba wa mai karatu. Haka na tarar ana yi, haka zan bari." A ranar aka ɗauko wani sabon masinja wanda ko sunansa da yatsa yake dangwalawa.

Daga Tsafe ba zai iya zuwa aji ba, don haka bai zauna jarrabawar ba, kuma a masinja ya yi ritaya. Ya kama ɗaki a can, sai ƙarshen mako yake ganin iyalinsa. Na daɗe ina jin nauyin zuwa. Sai bayan an yi girbi na daure na je. Na same shi a bakin ofis a kan benci, da babbar rajista a cinya. Ofishin ba su da akawu, sai suka bar masa rubuta sunayen baƙi da wasiƙun da suka shigo. Ya tambaye ni sunana da abin da ya kawo ni da Turanci, fuska a ɗaure, sai da ya rubuta sannan ya fashe da dariya ya kama hannuna.

Na ce, "Baba, na raba ka da gidanka, na raba ka da maigidanka. Ka yafe mini."

Ya rufe rajistar ya ce, "Kewar gida kam ina ji, ba ni ɓoye maka. Amma Malam, shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar jan fayil, ina alfahari a Wonaka, ina cewa don amanata anka zaɓe ni. Da ban buɗe baki ba, da har in mutu ban san don jahilcina ne ba. Abin da zafi, amma gara da na sani."

Sai na zauna kusa da shi a kan bencin har aka kira azahar.

Ban daina tura ɗalibai su yi Turanci a waje ba, kuma ku ma kada ku daina, don wanda ya bar shi a aji ba zai taɓa iyawa ba. Amma tun daga ranar ban ƙara zaɓa wa kowa wanda zai fara da shi ba. Babba in ya ja ƙafa, ba kullum ne kunya ba. Sau da yawa ya san wani abu game da wurin aikinsa wanda kai mai alli ba ka sani ba, ko da shi kansa bai iya faɗarsa. Akwai mutanen da ake riƙe da su saboda ana ganin ba su san komai ba, kuma ranar da suka nuna sun sani, akwai abin da za su rasa. Ka zauna da mutum tukuna, ka tambaye shi wa zai ji shi, me kuma zai biyo baya, sannan ka bar shi ya zaɓa da kansa.

Shafi shidan nan na kurakuransa suna nan a akwatina har yau. Ban taɓa gaya masa cewa na shiga da su ɗakin kwamiti ba, har Allah ya karɓi abinsa.